Windows 11 a tsohuwar laptop: yadda nake yi a shagona

Tun da Microsoft suka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, yawancin masu shigowa shagona maganarsu ɗaya ce, "oga a sa min 11". To amma laptop ɗin da ke hannun mutanenmu galibi na hannu ne, su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, masu processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 ƙarni na 6, ita kuma Windows 11 sai ƙarni na 8 zuwa sama take karɓa, sai TPM 2.0 (ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar), sai Secure Boot (tsarin da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi). RAM 4GB da wurin ajiya 64GB kam ba sa hana kowa barci.

Ni ban fara da tsallake sharaɗi ba, BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, nake fara leƙawa, don sau da yawa TPM ɗin yana nan a kashe kawai, a Intel sunansa PTT, a AMD kuma fTPM, in ƙarnin ya kai ka kunna shi kenan. Wata kuma faifan ne yake a tsohon tsarin rabon faifai na MBR sai an mayar da shi sabon tsarin GPT kafin Secure Boot ya yarda. Yaran shago ba su da wannan haƙurin, da sun ga saƙon ƙin karɓa sai su zaro filashar tsallake sharaɗi.

In duk hakan bai yi ba sai Rufus, manhajar da ake haɗa filashar sa Windows da ita. Kana haɗa filashar zai tambaye ka ko a cire sharaɗin TPM da Secure Boot, ka danna, ta hau lafiya lau, kuma wallahi in akwai SSD (faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa) da RAM 8GB mai ita ba zai ji wani bambanci ba. In tsohon hard disk mai juyawa ne ina faɗa wa mutum ya fara sayen SSD tukuna, in ba haka ba jibi zai dawo yana cewa na lalata masa kwamfuta tana jan ƙafa.

Abin da ba na ɓoye wa kwastoma, Microsoft sun ce ba su ɗauki alhakin turo wa irin wannan na'urar sabuntawa ba. Na wata-wata yana zuwa dai zuwa yanzu, amma babban na shekara ba ya sauka da kansa, sai an dawo an sa da hannu. Ɗalibi mai taifin da kallo, bismillah. Mai ajiye lissafin kamfani ko harkar banki a kanta, nakan ce Alhaji gara ka ƙara kuɗi ka ɗauko ƙarni na 8.

Su tsofaffi masu Core 2 Duo kuwa ba na ma karɓa, tun daga bugun Windows 11 na 24H2 ba ta tashi a kansu sam saboda processor ɗinsu ba shi da wasu umarnai da ake kira SSE4.2, ko Rufus ba ya maganin wannan. Waɗannan Linux Mint, wani tsarin daban da ba Windows ba, nake sa musu in mai ita ya yarda, da yawa ba sa yarda, wai ina Word ɗinsu.