Reshen da na kashe a Kinashi

Ranar da na fara zuwa Kinashi ba don bishiya na je ba, zaman ɗaki ne ya ishe ni. Ina karatun aikin gona a jihar Kagawa, a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, kuma Asabar da Lahadi kan yi wa baƙo tsawo a garin da bai san kowa ba. Wani abokin karatuna ya ce akwai dattijo mai lambun bonsai, wato bishiyoyin da ake reno a kasko ana yi musu aski don su tsaya ƙanana, da ke neman mai taya shi ɗaukar kaya. Daga Takamatsu, babban birnin jihar, tasha biyu ce kacal a jirgin ƙasa. Sunan unguwar ma sai da ya ba ni dariya da aka fassara mini, wai Kinashi na nufin "babu dodo".

Dodo kam ban gani ba, amma matsu, bishiyar da Turawa ke kira pine, ko ta ina. Gonaki ne sahu-sahu kamar kunyoyin dawa, sai dai abin da aka shuka ƙananan bishiyoyi ne masu karkataccen gindi. Kinashi da maƙwabciyarta Kokubunji su ke fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na bonsai ɗin matsu a Japan, sana'ar da ta kai shekara 200 a wurin. Ruwan sama bai cika yawa a yankin ba, ƙasar kuma mai tsakuwa ce, ba ta riƙe ruwa, abin da matsu ke so ke nan.

Wadda na fi yi wa hidima ita ce kuromatsu, baƙar matsu, wadda masana tsirrai ke kira Pinus thunbergii. Asalinta bishiyar bakin teku ce, ta saba da rairayi da iska mai gishiri. Ganyenta allurai ne masu tsini, biyu-biyu a kube ɗaya, in ka kai hannu da garaje sai sun soke ka. Ɓawonta yana tsattsagewa da tsufa kamar bayan kada. A daji takan wuce mita 30, amma a lambun dattijon akwai wadda ta girmi mahaifina, har da kaskonta ba ta kai ƙuguna ba.

Da na ba Kawu labari ta waya, daga ƙauyensu na yankin Maraɗi, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kai yanzu duk kuɗin jirgin nan, wanzancin itace ka je koya?"

Na ce, "Kawu, ai ko askar ba a ba ni ba tukuna."

Gaskiya na faɗa masa. Kusan shekara guda ban riƙe almakashi ba. Cire ciyawa, wanke kasake, tankaɗe ƙasa, sai ban-ruwa. Masu sana'ar suna da wata magana, mizuyari sannen, wato ban-ruwa kaɗai shekara uku ake koyonsa. Na ɗauka zuzutawa ce irin ta masu sana'a, sai da na ga kasake biyu a benci ɗaya, ɗaya ya bushe kafin azahar, ɗayan yana da danshi har la'asar. Ƙasar da ake zubawa, akadama, ƙananan dunƙulen jar ƙasa ce da ake gaurayawa da tsakuwa, tana haske in ta bushe, ta yi duhu in ta sha. Dattijon, wanda na bi sahun yaransa ina ce masa Oyakata, wato maigida, ba ya ma duba launin. Ɗaga gefen kasko yake yi da yatsa biyu, nauyin ya gaya masa. Takin da yake jerawa a kan ƙasar kuwa, aburakasu, tunkuza ce kawai, sauran abin da ya rage bayan an matse mai daga iri, an dunƙula ta ƙanana. Warinta in ta jiƙe ya sha tuna mini da bayan ɗakin masu ƙuli.

Babban aikin shekara shi ne mekiri, yankan toho. Daga Afrilu zuwa Mayu kowane bakin reshe yakan fitar da sabon toho, dogo, a tsaye kamar kyandir. In aka ƙyale shi, allurai su yi tsawo, gaɓoɓi su yi nisa da juna, bishiyar ta fita daga kamanninta. To kuromatsu tana da wata baiwa: in ka yanke tohon farko tsakanin tsakiyar Yuni da farkon Yuli, za ta sake fitar da wani a wannan shekarar. Na biyun ba ya samun isasshen lokaci kafin sanyi ya shigo, sai ya tsaya gajere da gajerun allurai, kuma inda aka yanke ɗaya sai uku ko huɗu su fito. 'Yar'uwarta goyomatsu, mai allura biyar, ba ta da wannan baiwar, in ka yi mata haka ka cuce ta. Labarin da ake bayarwa a tsakanin masu sana'ar shi ne, Saichi Suzuki na lambun Daijuen a garin Okazaki ne ya gano dabarar, bayan ya ga tsutsa ta cinye tohon wata bishiya, ita kuma ta mayar da wanda ya fi na farkon kyau.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jerin yankan. Ƙarfin matsu a sama yake da bakin rassa, inda rana ke bugawa. Rassan ƙasa da na ciki kullum a baya suke. Ni da na taso a gona, hankalina ya ba ni cewa mai ƙarfi za a fara yankewa. Ashe akasin haka ne. A lambun Oyakata raunana ba a taɓa su sam. Matsakaita ake fara yankewa, sai bayan kwana goma a dawo kan ƙarfafa. Wanda aka yanke da wuri ya samu ƙarin kwana goma na girma, wanda aka jinkirta ya rasa su, in kaka ta zo sai ka ga sun tashi kusan kai ɗaya. Haka ma tsakanin bishiyoyi: manya ake fara yi wa, ƙanana na tafin hannu su ne na ƙarshe, domin su ake so allurarsu ta fi gajarta. Yankan kuma a miƙe ake yinsa, a bar ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa. In ka karkata almakashi, sababbin idanu za su fito gefe ɗaya da ƙarfi, ɗayan gefen a raunane. Wani abin sha'awa, kalmar da suke kiran tsiron da ita, me, sautinta ɗaya da kalmarsu ta ido, kamar dai yadda muke cewa idon rake.

A shekarata ta biyu aka ba ni almakashi. Wata Asabar ce a ƙarshen Yuni, damunarsu ta kankama, ga zufa, ga shi azumi ya faɗo a watan. Oyakata ya nuna mini benci mai kasko goma sha biyu, ya yi mini guda a gabana, ya shiga motarsa ya tafi kai kaya. Na zauna a kan ɗan kujera na duƙufa. Ƙaro ya manne mini a yatsu, almakashin ma sai na riƙa goge shi da tsumma. A kasko na tara na ga ɗan farin kati a soke a ƙasa, da rubutun hannu irin na tsofaffi, wanda ko na littafi ban gama iya karantawa ba balle wannan. Na kuma lura allurarta ba ta kai sauran duhun kore ba, tohonta ma gajeru ne. Na gani da idona. Amma an ce in yi benci, ni kuma ina so ya dawo ya tarar na gama benci. Na bi ta tas, har reshen ƙasa.

Da ya dawo ya bi layin a hankali, hannu a baya. Ya tsaya a ta tara, ya zare katin ya miƙo mini.

"Ka karanta wannan?"

Na ce, "Ban iya ba, Oyakata."

Ya ce, "A watan Maris na sauya mata ƙasa. Na rage mata saiwa. Ta riga ta biya na bana."

Bai ƙara ko kalma ba, ya mayar da katin inda yake. Ni kuwa a ranar na gane abin da shekara guda ta ban-ruwa da jera tunkuza take nufi. Tohon da kake yankewa bishiyar ta kashe ajiyarta ne ta fitar da shi. In ka yanke, ka tilasta mata ta sake buɗe rumbu a shekara ɗaya. Bashi ne kake ci a wurinta. Shi ya sa tun farkon bazara ake ɗura mata taki, a ajiye ta a rana tsantsa, sai dab da yankan a kwashe takin don kada sabon tohon ya yi tsawo. Wadda aka taɓa saiwarta a bana, ko ta yi jinya, ko allurarta ta koɗe, rumbunta wayam yake.

Bayan sati uku sauran sha ɗayan duk sun fito da idanu, jajaye-jajaye a gindin yankan. Ta tara ta fitar da 'yan kaɗan a can sama. Reshen ƙasa, wanda suke kira ichi no eda, reshe na farko, wanda shi ne ke ba bishiya tsayuwarta, ko ɗaya bai fitar ba. Tsofaffin allurarsa suka riƙe shi har Satumba, sannan suka yi rawaya suka zube. Matsu ba darbejiya ba ce da za ka datse ta ta tofo daga kututture. Reshen da ya rasa allura ya tafi ke nan. Bishiyar shekararta goma sha takwas daga iri, reshen nan kuma tun tana ƙarama ake renonsa.

Oyakata bai yi mini faɗa ba, na fi son a ce ya yi. Ɗauke kaskon ya yi ya ajiye a gefen famfo, daidai inda nake cika butar ban-ruwa. Duk Asabar sai mun gaisa da ita.

Aikin kaka shi ya fi kwanta mini a rai, wataƙila don babu gaggawa a cikinsa. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, in sababbin allurai sun yi tauri, ana bin kowane bakin reshe a rage tohon zuwa biyu, waɗanda suka kwanta hagu da dama, girmansu kusan ɗaya. Biyun nan baɗi su zama huɗu, wata shekara takwas, haka reshe ke cika. Nan na tuna da sassabin zamani da manoman Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980, inda maimakon a ƙone kututturen kalgo ko sabara a gona, sai a zaɓi 'yan rassa daga cikin masu tofowa a sassabe sauran. Na sha ganin Kawu yana yi da adda. Sai dai shi mafi ƙarfi yake bari, don itace yake nema. A kan matsu kuwa, in a sama ne, ƙarfafan ake cirewa a bar matsakaita. In a ƙasa ne, sai a bar ƙarfafan.

Daga nan sai tsige tsofaffin allurai da matsefata, ɗaya bayan ɗaya, ana ja ta inda allurar ta fuskanta don kada a yage fatar reshen. Allura ita ce bakin da reshe ke ci da shi, don haka rabon abinci ne ake yi. A sama Oyakata kan bar kube biyar ko shida, a tsakiya ya ƙara, a can ciki ba ya tsige ko ɗaya. Bishiya guda takan ci yini. Yana kunna rediyo, ba mai magana, allurai na taruwa a ƙasa kamar gashi a rumfar wanzami. In an gama sai ka ga rana ta ratsa har gindin rassan, kuma wannan hasken ne ke tayar da idanun da ke barci a baya.

Naɗa waya ban yi nisa a ciki ba. Da sanyi ake yi, da wayar jan ƙarfe da aka gasa ta yi laushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗanyen shi ke saurin kumbura, in ka manta da wayar ta nutse a ɓawo ta bar tabon da zai shekara da shekaru.

Ta gefen famfo kuwa, shekarar da ta biyo baya ba a yanke mata komai ba, ba a naɗa mata waya ba. Ruwa, rana, taki. Ta yi buzu-buzu, allurai zaƙo-zaƙo, ba kyan gani. Satin da zan bar ƙasar Oyakata ya ɗora ta a kan faifan da ake juya kasko, ya juya ta a hankali har ya tsaya a wani gefe da ban taɓa kallonta ta nan ba. Wani reshe da ke baya a da ya dawo dama, gurbin wanda ya mutu ya ɓuya a bayan gindi. Ya soke ɗan tsinke a ƙasa alamar nan ne sabuwar fuskarta, ya ce shekara biyar ko shida za ta yi kyau. Ya miƙo mini almakashi in cire busasshen guntun. Sai da na dube shi sau biyu kafin na yanke.

Ban taho da matsu gida ba, bishiya ce da ta saba da hutun sanyin ƙasarta, ban ga dalilin wahalar da ita da zafin Afrilunmu ba. Tsamiya na shuka daga ƙwallo, a cikin kwandon roba irin na wanke shinkafa, yadda na ga suna renon ƙanana a Kinashi don saiwa ta sha iska. Bana shekararta uku. Da Kawu ya zo ganin likita ya sauka a wurina, ya zagaya ta, ya ga 'yan dunƙulen tunkuza a jere a bakin kwandon.

Ya ce, "To wanzami, yaushe za a yi mata askin?"

Na ce, "Sai ta ƙoshi, Kawu."

Ya ɗauki dunƙule ɗaya ya sansana, ya mayar. Ya ce shi a gidansa ko akuya sai ta haihu take ganin irin wannan gatan.