Kafin ka danna "na amince" a kan bashin karatu

Ƙanina mai shirin cin bashin karatu, ɗan akwatin nan da ake cewa ka sa wa alama a ƙasan shafi, shi ne sa hannunka. Haka doka ta ɗauke shi a ƙasashe da dama: Amurka tun shekarar 2000, Tarayyar Turai kuma ta sabunta tata a 2014. Ranar da rigima ta tashi, mai ba da bashi zai fito da kwanan wata da lokacin da aka danna, har da lambar da aka turo wa wayarka. "Ban karanta ba" ba ta wanke kowa.

Ni a waya na sa hannu, ina tsaye a layin rajista, babban yatsa na ta tura shafi sama don kawai in ga ƙarshe. Abin da na tsallake shi ne ranar da kuɗin ruwa ke fara hawa. Na ɗauka sai an gama karatu, ashe tun ranar da aka biya wa makaranta kuɗin ake lissafi. Ɗauki biro ka gani: bashin 100,000 a kan kashi 6 cikin 100, a shekara 4 ya tara 24,000, kai ko albashin farko ba ka taɓa ba. Wata yarjejeniyar ma takan haɗe wannan da uwar kuɗi, sai ruwan shi ma ya riƙa haihuwa. Akwai bashin da babu ruwa ko kaɗan, gaskiya ne, amma ka gani a rubuce, kada ka tsaya kan "an ce".

Ka duba kuma ko sa hannun na shekara ɗaya ne. A bashin gwamnatin Amurka, takarda guda na iya ɗaukar rancen da za ka ci har tsawon shekara 10, ba tare da an sake nuna maka ita ba.

Wautata ta biyu ta fi ba ni haushi. Imel ɗin makaranta na ba su, kuma ban sauke kwafin yarjejeniyar ba. Da na gama karatu, aka rufe akwatin imel ɗin, takardun tunatarwa suna ta zuwa can ban sani ba, sai tarar jinkiri ce ta sanar da ni. Ka ba da imel ɗinka na kanka, ka sauke kwafin a ranar, ka buga ɗaya ka adana. Kalmar sirri da lambar da ake turowa kuwa, ko abokin ɗakinka ya ce zai taya ka cikewa, kada ka ba shi. Duk abin da ya danna, da sunanka aka rubuta.