Adireshin ambulan da adireshin wasiƙa

A shekarata ta biyu ina kula da sabar imel ta wani ofishi, wato kwamfutar da ke aikawa da karɓar saƙonninsa, ma'aji ya same ni da ƙorafi. Ya ce, "Malam, wasu daga cikin takardun neman biya da manhajarmu ke aikawa ba sa isa, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa sanar da mu ba." Kwana uku na yi ina duba layin From, wato inda saƙo ke nuna mai aikawa, ina ganin adireshinsa daidai, har na fara zargin masu karɓa.

Kuskurena shi ne ɗaukar da na yi cewa adireshin mai aikawa ɗaya ne, alhali biyu ne. Wanda mai karatu ke gani tamkar sunan da ke saman wasiƙa ne, kuma sabar ba ruwanta da shi idan za ta mayar da rahoton cewa saƙo bai isa ba. Na bayan ambulan take bi, wato wanda ake bayarwa da umarnin MAIL FROM yayin da sabar biyu ke magana bisa ƙa'idar aika imel ta SMTP, wanda sabar ƙarshe ke rubutawa a layin Return-Path. Da na duba nan, sai na tarar manhajar tana sa wani asusun cikin na'ura da babu mai buɗe shi, ga rahotannin da sabarmu ta rubuta jibge a ciki.

Na gyara, amma rahotannin da ke zuwa daga waje ba su shigo ba. Kundin ayyukan Postfix, manhajar da sabarmu ke aiki da ita, shi ya tona asirin: wata doka da aka kafa don tare saƙonnin banza tana korar duk saƙon da ambulansa ba adireshi, da lambar ƙin karɓa ta 550. Rahoto kuwa da gangan ake aiko shi haka, MAIL FROM:<>, domin kada rahoto ya haifi rahoto, sabar biyu su yi ta mayar wa juna ba iyaka. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin da hannunmu muka toshe kunnenmu.

Daga baya ma'aji ya nemi shaidar isar kowace takarda. Na bayyana masa cewa NOTIFY=SUCCESS, umarnin neman rahoton isar saƙo da takardar ƙa'ida ta RFC 3461 ta 2003 ta tanada, ba ya wucewa gaba sai sabar da ke karɓa ta ambaci DSN, wato tsarin rahoton isar saƙo, a amsar da take bayarwa ga EHLO, gaisuwar farko tsakanin sabar biyu. In ba ta ambata ba, iyakar abin da tamu za ta shaida shi ne ta miƙa saƙon. Tun ranar, takardar da ta shafi kuɗi masu yawa yakan bi ta da kiran waya.