Kachalla, maganin feshi, da ruwan da muke sha tare

Duk wanda ya ratsa fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru a shekarun nan ya ga yadda kachalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta mamaye wuraren da a da ake noman shinkafa da kamun kifi, har ta kai mutum yana tsaye a cikin kwalekwale ba ya hango abin da ke gabansa saboda tsayinta. Tambayar da na fi ji daga bakin manoma, musamman matasan da suka saba da famfon feshi a gonakinsu, ita ce: tunda maganin ciyawa yana share gona cikin 'yan kwanaki, me ya hana a fesa wa kachallar nan a huta? Tambayar tana kan hanya, domin mutanen da ke yin ta sun yi asarar gonaki da wuraren kamun kifi, amma amsarta ta fi yadda ake zato nauyi.

Kachalla ba ta yi ƙarfi haka kawai ba. A da, kogin Haɗeja yana cika ya yi ambaliya da damina, sannan ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsattsage, kuma wannan bushewar ce take hana ciyawar kafuwa. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kammala ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gangarowa kusan duk shekara saboda noman rani. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, ga laka tana taruwa a ƙarƙashinsa, shi ne abin da kachalla ta fi so. Da ta toshe wasu hanyoyin ruwa, sai ruwan ya karkata ya yi yawa a ɓangaren mashigar Marma da tafkin Nguru, yayin da wasu garuruwan suka rasa shi. A cikinta tsuntsayen jan-baki suke samun mafaka su fito su cinye gero da dawa da shinkafa, a cikinta kuma sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya suke hayayyafa.

Magungunan ciyawar da aka fi sani a kasuwanninmu ba iri ɗaya suke aiki ba, kuma ina ganin rashin bambance su ne mafarin yawancin kurakurai. Farakwat yana ƙone ganyen da ya taɓa ne kawai, ba ya isa ga saiwar da ke kwance cikin laka, saboda haka kachalla takan sake tohowa bayan 'yan makonni. Ga shi kuma guba ce mai tsanani ga ɗan Adam wadda ba ta da makari, abin da ya sa ƙasashe da yawa suka haramta shi, hukumar NAFDAC ma ta sanar da hana shi a Najeriya. Maganin 2,4-D an yi shi ne domin ciyayi masu faɗin ganye, yana aiki a kan wasu tsirran da ke yawo a saman ruwa, amma tumatir da barkono da auduga ba sa jure ko da kaɗan daga cikinsa, don haka mai noman rani da ya ja ruwan da aka fesa wa shi zuwa lambunsa zai ga ganyen shukarsa yana nannaɗewa. Gilaifoset ne yake bin jikin tsiro daga ganye har saiwa, kuma shi ne ake amfani da shi a kan kachalla a ƙasashen waje.

Sai dai a nan ma akwai abin da masu sayar da magani ba kasafai suke bayyanawa ba. Gilaifoset ɗin da aka haɗa domin gona yawanci yana ɗauke da wani sinadari mai sa maganin ya manne wa ganye, kuma wannan sinadarin ya fi maganin kansa illa ga kifi da talibambam. Shi ya sa a wuraren da doka ta yarda da feshi a kan ruwa ake da haɗi na musamman wanda aka rubuta a jikin robarsa cewa na ruwa ne. Har ila yau, gilaifoset yana maƙale wa ƙurar laka ya rasa ƙarfinsa, to idan mutum ya ɗebi ruwan kududdufi mai dauɗa ya haɗa maganin da shi, feshin ba zai ci ba, shi kuma sai ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan ya ninka awo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kifi yana iya mutuwa ko da maganin bai zama guba gare shi ba. Na ga haka da idona a wani tafkin kiwon kifi da ke bayan garinmu, inda kainuwa da wasu ciyayi suka rufe fiye da rabin ruwan, mai wurin ya yi musu feshi gaba ɗaya a rana guda cikin zafin bazara. Kwana na farko da na biyu babu abin da ya faru, har ya yi murna ganin ciyawar ta yi laushi ta fara nutsewa. Bayan wasu kwanaki, da asuba, sai ga karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, kafin hantsi da yawansu sun juya ciki sama. Ciyawar da ta mutu tana ruɓewa ne a cikin ruwan, ruɓewar kuma tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Ruwa mai ɗumi dama iskar da yake riƙewa kaɗan ce, kuma da asuba take fin ƙaranci, saboda tsirrai ba sa samar da ita cikin dare. Tarwaɗa ta fi jurewa domin tana iya shaƙar iska daga sama, amma karfasa ba ta da wannan damar. Saboda wannan ne masana kiwon kifi suke cewa kada a fesa wa fiye da kashi ɗaya cikin uku, ko rabin ciyawar, a lokaci guda, a kuma jira kamar mako biyu kafin a taɓa sauran.

Wancan tafki na mutum ɗaya ne, asarar ma tasa ce shi kaɗai. Fadama da kududdufin gari kuwa kowa yana da haƙƙi a cikinsu: makiyayi yana shayar da shanunsa, mata suna wanki, yara suna wanka, wasu ƙauyukan ma daga nan suke ɗibar ruwan sha. Tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar mai kare irin waɗannan wurare tun shekarar 2000, tsuntsaye kuma suna zuwa can daga Turai duk hunturu. Manyanmu ba su manta da ɓarnar da zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa domin kama kifi ta yi ba, da yadda sarakunan ruwa suka sha fama kafin mutane su gane. A ganina, bai halatta wani ya yanke shawarar feshi a irin wannan ruwa shi kaɗai ba, ko da kuwa gonarsa ce kachallar ta cinye.

Ban ce a rufe ƙofar magani gaba ɗaya ba. Akwai wuraren da yake da amfani, kamar gefen magudanan ban-ruwa da aka riga aka tsayar da ruwansu, ko filin da ruwa ya janye daga kansa, inda za a fesa wa ganyen kai tsaye, da haɗin da ya dace, a hannun ma'aikacin da aka horar, bayan an sanar da masunta da makiyaya da masu lambu. Amma ko an yi hakan daidai, kan kachalla guda ɗaya yana iya fitar da iri fiye da dubu ɗari da iska ke kwashewa, to matuƙar ruwan yana kwance ba ya ƙafewa, sabuwa za ta fito a gurbin tsohuwa.

Hanyar da na fi amincewa da ita tana da wahala, amma masunta sun san ta. Ganyen kachalla ne yake kai iska zuwa saiwarta, saboda haka idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma ya ci gaba da rufe kututturen, saiwar takan shaƙe ta mutu, musamman idan aka maimaita yankan sau biyu ko uku. Sharaɗin shi ne a kwashe abin da aka yanka a fitar da shi tudu, kada a bar shi ya ruɓe a ciki. An kuma yi gwajin sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki a yankin Haɗeja, a Senegal da Muritaniya ma ana yin gawayi da ita. Abin da ya rage, wanda ya fi ƙarfin manomi da masunci, yana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe: a yashe hanyoyin ruwan da suka toshe, a kuma tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa ta yadda fadama za ta samu wasu watanni na bushewa a kowace shekara.