Tambayar da wata uwa ta min a ɗakin yara

Ina shekara ta biyu a karatun nas aka tura mu ɗakin yara a wani asibiti nan Jos, lokacin hunturu ne, wanda ya san sanyin Jos a Disamba ya san me nake nufi. Yara masu sikila su suka fi shan wuya a lokacin, sanyi ne ke tayar musu da ciwon, ƙwayoyin jininsu su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya dinga ihu ƙashinsa kamar ana sara.

Wani dare ina aikin kwana, akwai yaro ɗan shekara 6, an sa masa ruwa an masa allura amma kuka bai tsaya ba. Mamarsa ta ɗago ta kalle ni ta ce "Sista, me yaron nan ya yi wa Allah?" Da sauri na ce Mama ki yi haƙuri ƙaddara ce, wallahi don ni kaina tambayar ta tsorata ni shi ya sa. Ba ta tanka ba, ta ci gaba da matsa masa ƙafa.

Abun ya tsaya min a rai. A aji an koya mana in uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila a jininsu amma ba su da ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ɗan ya zo SS, wato mai sikila, kuma gwajin jini kafin aure yana nunawa, su kuwa lokacin aurensu babu wanda ya faɗa musu. Wannan sakacinmu ne mu mutane, ni dai ban yarda mu lulluɓe shi da kalmar ƙaddara ba. To amma yaron fa, shi me ya zaɓa? Nan ne karatuna ya tsaya.

Sai daga baya na tuna Manzon Allah (SAW) ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu ai hawaye ya zubar, ya ce ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba za mu faɗi abin da Ubangijinmu bai yarda da shi ba. Ashe matar nan ba imani ta rasa ba, zafi ne ya mata yawa, ni kuma na yi gaggawar toshe mata baki maimakon in zauna kusa da ita.

Gab da asuba yaron ya samu barci. Ta lulluɓa masa zaninta kan bargo, ta zo ta tambaye ni inda za ta samu buta.