Talata: "borrow" da "lend" a aji biyar

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa na zauna da takardun insha'in 'yan aji biyar. Wasiƙa zuwa ga aboki na ba su, irin wadda ake yawan kawowa a jarrabawar WAEC. Ban kai rabin tarin ba sai da jan birona ya yi ta zagaye jimla iri ɗaya: "Please borrow me your textbook." Har yarinyar da ta fi kowa Turanci a ajin haka ta rubuta. Abin ya tsaya mini a rai, domin in mai ƙoƙari ta faɗa rami ɗaya da sauran, to ba lalaci ba ne, akwai abin da ba a taɓa buɗe musu ba.

Da na shiga aji sai na ajiye darasin da na shirya, na tambaye su da Hausa: in kana son biron abokinka me za ka ce masa? Suka ce "ara mini". In ka karɓa fa? "Na ari biro." Na rubuta su biyun a allo, na ja layi ƙarƙashin wasalin ƙarshe. Ara, ari. Tushe ɗaya ne, a jimlolin nan biyu wasali ne ke nuna wanda ya miƙa da wanda ya karɓa. Turanci bai bi wannan hanya ba, kalmomi biyu ya ajiye waɗanda ko kama ba su yi. "Borrow" na mai karɓa ne, shi ya sa "from" ke bin ta. "Lend" na mai bayarwa ne, ita ce ke ɗaukar "me" ko "to". Yaron da ya taso da ara da ari, da ya samu "borrow" sai ya ɗora mata aikin duka biyun, kuma a lissafinsa bai yi kuskure ba.

Wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to rance fa?" Na ji daɗin tambayar nan sosai. A nan Hausa ce ta raba abin da Turanci ya haɗa. Aro shi ne ka dawo da ainihin abin da ka karɓa, tsani ko tabarma ko littafi. Rance kuwa ka kashe ko ka cinye, ka biya da makamancinsa. Bature da "borrow" ɗaya yake karɓar tsani, da ita yake karɓar naira dubu goma. Yana da "loan", amma suna ce da ta fi zama a kan kuɗin banki, kuma Amurkawa ne suka fi mayar da ita aikatau, mutanen Ingila da yawa ba sa son jin haka. In kuɗi za ka biya don amfani da abin, an bar aro an koma haya, wato "rent" ko "hire". Bashin da ke wuyanka kuma "owe" ne. Na san yanzu matasanmu ma "ara min ɗari biyar" suke cewa, rance na neman zama kalmar tsofaffi, kuma ina ganin asara ce.

A ɗakin malamai na ba da labari. Malamin lissafi ya ce ai shi kullum a darasin ɗebewa yana cewa "borrow one", yara su ari ɗaya daga gidan gomomi. Malamin tarihi ne ya kawo abin da ya fi kama ni. Ya ce, "Malama, rigimar aro da rance har majalisar Amurka ta taɓa shiga." A watan Disamba na 1940, Ingila na cikin yaƙi da Jamus, kuɗinta sun kusa ƙarewa. Shugaban Amurka Roosevelt yana son ya tura mata makamai, sai ya yi wa 'yan jarida misali da maƙwabcin da gidansa ya kama da wuta: za ka ara masa tiyon ban ruwanka, ba za ka ce ya biya ka dala 15 ba, tiyonka kake so ya dawo bayan an kashe wutar. Sanata Robert Taft ya mayar masa da cewa aron kayan yaƙi kamar aron cingam ne, ba wanda yake son a dawo masa da shi. Duk da haka aka sa hannu a dokar Lend-Lease, wato ta aro da haya, a watan Maris na 1941, kayan da aka fitar a ƙarƙashinta sun kai na kusan dala biliyan 50. Ina saurare ina tunanin cewa da Hausa aka yi muhawarar, da tun farko wani ya tashi ya ce a fayyace, aro ne ko rance? Kalmar "lend" ta ba shugaban damar ya bar tambayar a rufe.

Da la'asar ina tsakar gida sai ga yarinyar maƙwabta ta yi sallama, ta ce Mamanta ta ce a ara mata turmi, a kuma ara mata kwano ɗaya na gero. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, turmi ake ara, gero rantawa ake yi. Je ki ɗauka." Na ba ta labarin ajina, ta ce ai ko a fikihu babin ariya daban, babin rance daban, kuma wanda ya ranta kwano ɗaya ya sa sharaɗin a dawo masa da ɗaya da rabi ya ci riba. Hajiya ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma a jimla biyu ta faɗi abin da na kwashe darasi guda ina zagaye.

Bayan isha'i na buɗe ƙamus. A tsohon Turanci "borrow" daga kalmar jingina ko lamuni ta fito, kuma a da tana iya nufin bayarwa ma. "Loan" daga harshen mutanen Arewacin Turai ta shigo. Jamusanci har yau da "leihen" ɗaya yake ara yake ari, kuma a jihohin Minnesota da Wisconsin, inda Jamusawa da mutanen Sweden da Norway suka zauna da yawa, ana jin "borrow me" a bakin waɗanda Turanci ne harshen uwarsu. Na kuma ci karo da "borrow pit", ramin da masu aikin hanya ke ɗebo ƙasa a ciki, abin da mu muke kira kududdufi. Wannan zan gaya wa yaran don su san ba su kaɗai ba ne, amma zan gaya musu a fili cewa mai duba takardar WAEC zai ja musu layi, saboda haka "lend me" za su rubuta.

Gobe in Allah ya kai mu da "teach" da "learn" zan shiga. Na riga na ga "my brother learned me" a takardu da dama, kuma na san daga ina ta fito: koya mini, na koyi. Daga nan zan fara a allo.