Abin da na koya a shagon fentin kayan ɗaki

Tun da na bar shagon da na koyi sana'a na buɗe nawa, abokan aiki suke tambayata abin da ya raba ni da maigidana. Saitin wata amarya ne ya raba mu, kuma duk mai riƙe bindigar feshi ya dace ya ji yadda aka yi.

A watan Agusta, damina ta kankama, aka kawo gado da kabad da madubi waɗanda aka taɓa yi wa fentin mai, ana so a mayar da su farare da zanen marmara da layin ruwan zinare kafin ranar jere. Da yake lokaci ya ƙure, maigida ya ce a fesa fentin tina, wato wanda ake sirkawa da ruwan sinadarin tina mai saurin bushewa, a kai ba tare da an kankare tsohon ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, tina za ta ci fentin da ke ƙasa, ga kuma danshi a gari." Ya ce tun ba a haife ni ba yake wannan aiki. Na fesa kamar yadda ya umarta, kafin la'asar ƙofofin kabad sun yamutse kamar busasshen tumatir, allon gadon kuma ya yi wani hazo da ya kashe ƙyallinsa, domin tina tana saurin bushewa, ta sanyaya fuskar katako, danshin iska ya kwanta a cikin fentin. Da uban amarya ya zo, a gabana maigida ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yaron nan ne ya ɓata." Ni na kwana ina kankarewa, kuma daga kuɗina aka cire na kayan da suka salwanta.

Saboda haka nake gaya wa duk wanda ke ƙarƙashin wani cewa kafin ya taɓa kayan mutane ya gwada haɗin a bayan kabad ko a guntun katako, kuma ya tabbata mai ba da umarni ya gani da idonsa a gaban shaida. Fentin mai yana iya hawa kan busasshen fentin tina idan an goge shi, amma na tina ba ya zama lafiya a kan na mai.

Sauran abubuwan hannu ne ya koya mini su. Jijiyar marmara da gashin zabo ake janta tun shimfiɗar tana da laushi, a bi ta da busasshen burushi a hankali, kuma idan jijiyoyin suka jeru daidai da juna, an yi ƙarya. Sanfefa mai kaushi, mai lamba 120, ta share fage ce, tsakanin shafi da shafi kuwa sai mai laushi, 320 ko 400. Bakin allon MDF, wato allon da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam, yana shan fenti, dole a toshe shi tukuna. Dagin Arewa ya fi fita da tsabta idan aka yanka shi a takarda mai kauri aka dangwala fenti kaɗan-kaɗan da soso. Salatif ɗin da aka ja layin zinare da shi, a ɓare shi kafin fentin ya gama bushewa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi.

Har yau akwai aikin marmarar da ke fita daga wancan shago wanda a wurina ake yin sa ta hannun dillali, kuma ba na ɗaukar burushi sai an biya rabin kuɗin.